Jana'izar Tuta

Wutar ta kama gefen tutar a hankali, kamar mai jin nauyin abin da aka sa ta. Kofur ya ja da baya taku uku, ya haɗa dugadugansa, ya ɗaga hannun dama ya sara. Gwiwarsa ta hagu, wadda ta daɗe da daina jin maganarsa, ta yi ƙara, amma bai motsa ba. Haka aka koya masa a bariki tun yana saurayi: tutar da ta tsufa ba a jefa ta a shara, ba a yin tsumma da ita. Ninke ta ake yi, a kai ta wuri mai tsabta, a ƙona, a tsaya a ƙame har ta zama toka, sannan a binne tokar.

Asabar ce da hantsi, babu kowa a makarantar firamaren sai shi. Shekara goma sha tara ke nan yana gadinta, tun da ya bar aikin soja. Shi ke ɗaga tuta da safe, shi ke sauke ta da yamma. Wannan da ke ci da wuta shekararta shida a kan sanda, rana ta shanye launinta, bakinta ya yayyage har yara suna ce mata zanen kaka. Takarda huɗu ya rubuta kafin a kawo sabuwa. A sito akwai wata tsohuwar ma, wadda ta riga wannan mutuwa, amma ya bar ta sai mako mai zuwa. A ganinsa ba a haɗa biyu a rami ɗaya.

Tun ɗazu yake jin hayaniya daga babban titi. Ya san ta mece ce. Wata biyar famfunan unguwa ba su ɗiga ba, matasa sun fito da kwalaye da jarkoki marasa komai suna kaɗawa. Bai ga laifinsu ba, don shi ma kafaɗar matarsa ta kumbura da ɗaukar ruwa. Abin da bai sani ba shi ne 'yan sanda sun tare babban titin, taron ya karkato ta lungun da ke bayan makaranta, inda katangar ba ta wuce ƙirjin mutum ba.

Na gaba suka ga hayaƙi, suka leƙo. Tsoho ne cikin kaki mai guga, a ƙame, hannu a goshi, hawaye na bin kumatunsa, tutar ƙasa na ci da wuta a gabansa. Lungun ya yi tsit. Sai wani ya fara tafi, nan take wurin ya ɗauka. Wayoyi suka tashi sama kamar an shuka su a kan katangar.

Hawayen na hayaƙi ne. Kofur ya so ya juyo ya tambaye su lafiya, ya so ya ce su rage murya, ana jana'iza. Amma wanda ya sara ba ya magana, ba ya waiwaye. Ya tsaya yadda yake har harshen wuta na ƙarshe ya kwanta.

* * *

Washegari yana zaune a tsakar gida yana goge takalminsa, 'yarsa Auta, wadda ke aiki a wani kantin magani, ta shigo ko mayafinta bai zauna daidai ba.

"Baba, me ka yi jiya a makaranta?"

"Na share filin taro, na gyara makullin aji biyu."

"Ban da wannan."

Ta miƙa masa wayarta. Ya nisanta ta da idonsa, ya gan shi tsaye cikin hayaƙi. Abin da ya fara lura da shi shi ne gwiwar hannunsa ta ɗan sauka ƙasa da yadda ya kamata. Tsufa.

"Wa ya ɗauke ni hoto ban shirya ba?"

"Baba, karanta abin da aka rubuta a ƙasa."

Ita ta karanta masa: tsohon soja ya yi bankwana da ƙasar da ta ci amanarsa. Ta ce mutanen da suka kalla sun fi ƙarfin ƙirge. Wasu na cewa gwarzo ne, wasu na cewa a rataye shi.

Inna, matarsa, ta ajiye bokitin da ke hannunta. "Wa za a rataye?"

"Ba kowa," in ji Kofur. "Kuskure ne. Gobe in na je zan yi wa Hedimasta bayani, shi ke nan."

Ya ci gaba da goge takalmin, amma hannunsa ya rage sauri. Wace amana aka ci? Shi da wa ya yi bankwana? Ya sake duba mutumin da ke cikin wayar. Kakinsa ne, hularsa ce, amma ji ya yi kamar wani ya ari jikinsa ya je ya yi magana da shi a inda bai sani ba.

Bai kai goben ba. Kafin azahar motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofar gida. Ya roƙi 'yan sandan su bari ya ɗaure igiyar takalmi, suka ce babu buƙata, can ma karɓe ta za a yi.

* * *

Sufeton da ke binciken mutum ne mai ƙiba, da alama ya gaji tun kafin a fara. Ya kunna bidiyon sau biyu, ya kife wayar a kan tebur.

"Kai ne wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Tutar ƙasa ce?"

"Ita ce."

"Kai ka cinna mata wuta?"

"Da hannuna."

"To madalla, ka sauƙaƙa mana. Wa ya sa ka?"

"Doka."

Sufeto ya ɗago. "Wace doka?"

Kofur ya gyara tsayuwa ya yi bayani tiryan-tiryan, yadda sajensu ya yi musu shekara arba'in da suka wuce. Ninkewa, wuri mai tsabta, wuta, toka, rami. Ɗan sandan da ke rubutu a gefe ya daina rubutun, yana danne dariya.

"Wato don girmamawa ka ƙona ta."

"Ƙwarai."

"Ranar zanga-zanga. A gaban masu zanga-zanga. Kana kuka."

"Hayaƙi ne, ranka ya daɗe. Kuma ni ban gayyace su ba. A kira Hedimasta, ya san an kawo sabuwa."

An kira shi. Ya zo da la'asar cikin babbar riga, bai yarda sun haɗa ido da Kofur ba. Ya ce shi dai ya san an kawo sabuwar tuta, amma bai ba kowa umarnin ƙona komai ba, kuma makaranta ba ta da hannu a siyasa. Ya faɗi haka sau uku, har da lokacin da ba a tambaye shi ba. Shekara goma sha ɗaya Kofur na buɗe masa ƙofa yana sara masa.

Da ya fita Sufeto ya turo wata takarda da aka riga aka buga.

"Baba, ni ba na son wahalar da tsoho. Ka sa hannu a nan. Cewa ta yi shugabannin zanga-zangar ne suka zuga ka, ka yi nadama. Su muke nema, ba kai ba. Yau ka kwana a gida."

"Ban san su ba."

"Ba sai ka san su ba, mu mun san su."

Kofur ya dubi takardar, ya dubi taga. A waje, a kan sandar ofishin, wata tuta ce ke rataye, ta koɗe, gefenta ɗaya ya rabe biyu. Tun shigowarsa take damun sa.

"Ranka ya daɗe, taku ɗin nan ma ta isa a ƙona ta."

Mai rubutu ya saki baki. Sufeto ya jingina da kujera, ya ce wa mai rubutun, "Rubuta. Ya yi barazanar ƙona ta ofishin 'yan sanda."

* * *

Su goma sha bakwai ne a ɗakin da aka gina don mutum shida, kusan duk 'yan zanga-zanga. Da aka turo Kofur suka miƙe, suka yi masa tafi, suka ba shi wuri kusa da ƙofa inda iska ke ɗan shigowa. Ya ce musu sun yi kuskure, ba abin da suke zato ba ne. Suka yi dariya, wani ya ce, "Ka ji tsoffin hannu. Ko a nan ba zai saki baki ba."

Wanda ya zauna kusa da shi wani ɗalibin jami'a ne siriri, ana ce masa Mai Gilashi, ko da yake gilashin ido ɗaya ya rage masa, ɗayan ya fashe a wajen kamu. Shi da gaske ya ƙona tuta, a gaban ofishin hukumar ruwa, bayan ya ga bidiyon Kofur.

"Kai ka ba ni ƙarfin hali, Baba."

"Ni? Allah ya kiyaye. Kai yaro, ka san mutum nawa na gani an lulluɓe da tutar nan?"

"Na sani. Ni ma ƙanwata da zane aka lulluɓe ta, wata biyu da suka wuce. Ruwan kududdufi ta sha. Mun rubuta takarda, mun je rediyo, mun zauna a ƙofar ofishinsu kwana uku, ko masinja bai fito ba. Na ƙona ƙyalle ɗaya, cikin minti goma mota huɗu ta zo. Ashe suna ji, Baba. Yaren ne ba mu iya ba."

"Ba ƙyalle ba ce."

"To mece ce?"

Kofur ya buɗe baki. Ya san amsar, shekara arba'in yana ɗauke da ita, amma da ya neme ta a cikin wannan zafi da warin fitsari sai ya rasa ta inda zai kamo ta. Ƙasa ce, ya so ya ce. To amma ƙasar ce ta kulle shi don ya girmama ta, ita ce kuma ta kulle yaron nan don ya zage ta, ɗaki ɗaya, bokiti ɗaya. In da laifi a cikin wutar, to shi ma ya yi. In a zuciya laifin yake, wa ya buɗe tasa ya duba?

"Ni dai ban yi don in ce komai ba," ya ce daga ƙarshe.

"Ni kuwa don in ce wani abu na yi," in ji Mai Gilashi. "Ga shi duk ba a tambaye mu ba."

Kwana na huɗu wata lauya ta zo, daga ƙungiyar da ke kare waɗanda aka kama. Matashiya ce mai saurin magana, ta riƙe hannun Kofur da hannu biyu ta ce abin alfahari ne ta gan shi. Ta ce shari'arsa ce za ta buɗe ƙofa ga kowa. Abin da ake so kawai ya tsaya gaban alƙali ya ce da gangan ya yi, don ya nuna fushinsa, kuma tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin faɗin ra'ayinsa.

"Ya ba shi?"

"Ya ba shi, Baba."

"To ra'ayina shi ne tutar ta tsufa."

Ta yi murmushin haƙuri. "Wannan ba zai kai mu ko'ina ba. In ka ce haka ka zubar da yaran nan da suka bi bayanka. Za mu kai maganar har babbar kotu."

"Zai ɗauki kwana nawa?"

"Shekara biyu, wataƙila uku."

"Ni ina ina a lokacin?"

Ta duba takardunta. "Za mu yi ƙoƙarin beli."

Bayan ta tafi ya zauna ya dafe kai. Takarda biyu aka ba shi, kowace da ƙofarta, kuma babu wadda ke ɗauke da abin da ya faru. Kowa na son ya yi magana, kowa ya riga ya rubuta masa abin da zai ce.

Auta ta zo da yamma da abinci a kwano. Ta rame. Ta ce Inna ba ta barci, ta ce an jefi ƙofar gidansu da dutse, wasu kuma sun zo sun liƙa hotonsa a bango.

"Baba, ka zaɓi ɗaya mana. Kowacce. Ka fito kawai."

"In sa hannu a kama 'ya'yan mutane da ban taɓa gani ba? Ko in rantse na zagi abin da na yi wa hidima tun ba a haife ki ba?"

"To gaskiyar taka wa ta fitar?"

Ta daɗe tana kallon sa ta tsakanin ƙarafan, yadda take kallon takardar likita mai wuyar karantawa, sannan ta ɗauki kwanon jiya ta tafi.

* * *

Ranar shari'a kotun ta cika har taga. Mai gabatar da ƙara ya karanta tuhuma biyu: wulaƙanta tutar ƙasa, da barazana ga ofishin hukuma. Kofur ya gyara wuyan rigarsa. Kwana goma sha biyu yana shirya bayaninsa, ya tsara shi daki-daki. Yau dai za a ji.

Sai wani lauya da bai taɓa gani ba ya miƙe ya ce yana tsaye ne a madadin iyalin wanda ake tuhuma, kuma yana da takardar likita da mai shaida. Aka kira Auta.

Ba ta dubi inda yake ba. Ta ce mahaifinta ya kai shekara biyu ba ya cikin hayyacinsa sosai, tsufa ya taɓa shi.

"Ki ba kotu misali," in ji lauyan.

"Kullum sai ya goge kakinsa, alhali ba wanda ya ce ya sa kaki. Aikin gadi ne."

"Sai me?"

"Yana sara wa tuta ko babu kowa a wurin. Ko ranar hutu sai ya je ya ɗaga ta. In ruwan sama ya sauko yana gida, sai ya fita da gudu ya je ya sauke ta kada ta jiƙe. Ranar da ya ƙona ta, cewa ya yi jana'iza ya yi mata. Har rami ya haƙa."

Dariya ta tashi daga bayan kotun, ta bazu. Alƙali ya buga tebur, amma shi ma gefen bakinsa ya motsa.

Kofur ya riƙe katakon da ke gabansa. Yana jira ya ji ƙarya don ya ƙaryata, bai ji ba. Duk abin da ta faɗa haka yake. Yana goge kaki. Yana fita cikin ruwa. Ya haƙa rami. Ashe haka abin yake a idon mutane? Tun yaushe? Malaman da ke gaishe shi da safe, su ma dariyar suke yi in ya juya baya? Ya nemi fuskar da ba ta dariya a ɗakin, ya samu biyu: ta Auta, wadda hawaye ya wanke, da ta Mai Gilashi a layin waɗanda ake tuhuma.

"Wanda ake tuhuma yana da abin cewa?" in ji alƙali.

Kofur ya ƙame. "Ranka ya daɗe, tutar da ta tsufa ba a jefa ta a shara. Ninke ta ake yi, a kai ta wuri mai tsabta..."

"Ya isa, Baba. Zauna."

Alƙali ya yi rubutu kaɗan. Mai gabatar da ƙara bai ja ba, don mahaukaci ya fi gwarzo sauƙin sallama. Lauyar ƙungiya ta tattara takardunta ta koma kusa da ɗaliban. An sallami Kofur a hannun iyalinsa, da sharaɗin a kula da shi, kada kuma a sake ba shi aikin da ya shafi kayan hukuma. Mai Gilashi da sauran aka ɗage tasu sai bayan wata uku.

A bakin kotu Auta ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ka yafe mini."

Ya dube ta. Ya so ya yi fushi, ya rasa da wa zai yi.

"Tashi, ƙasa da datti," ya ce. "Ba ki yi ƙarya ba ai."

* * *

Bayan mako biyu ya ce zai je makaranta ya ɗauko butarsa da tabarmarsa. Inna ta ce Auta ta raka shi, ya ce ya san hanya. A lungu ya wuce mata da yara a layi da jarkoki, gaban famfon da har yanzu bai ɗiga ba. Hotonsa da aka liƙa a bango ruwa ya jiƙa shi, wani ya yage rabin fuskar.

An ɗauki sabon mai gadi, wani ƙaƙƙarfa mai fara'a da bai san shi ba. Kofur ya same shi a gindin sandar tuta yana wanke motar Hedimasta, yana 'yar waƙarsa. Sabuwar tutar na sama, an ɗaure ta a karkace, igiyar ta harɗe.

Sai ya ga abin da ke hannun mutumin. Ya gane ta tun kafin ya matso, don shi ya ninke ta da hannunsa ya ajiye a sito, ya ce sai mako mai zuwa. An raba ta biyu. Rabi na cikin bokitin kumfa, rabi na goge taya.

Hedimasta na tsaye a baranda yana waya. Malamai biyu suka wuce ta gefen motar suna hira. Wani ɗan sanda da ya kawo 'yarsa makaranta ya tsallake ruwan kumfar don kada ya ɓata takalminsa.

"Baba, lafiya? Wani abu kake nema?" in ji sabon mai gadin.

Kofur ya buɗe baki. Bayanin na nan a kan harshensa, daki-daki, yadda ya tsara shi. Ya dubi barandar, ya dubi ɗan sandan.

"Buta na bari a ɗakin gadi," ya ce.

"Shiga ka ɗauka."

Mutumin ya tsoma tsumman a bokiti, ya matse shi da ƙarfi, baƙin ruwa ya zubo. Hannun Kofur na dama ya taso da kansa, ya kai daidai kafaɗa, ya tsaya a nan. Ya ɗan jima a haka. Sannan ya kai shi ga hularsa ya gyara mata zama, ya wuce ɗaukar butar.